Siminti ba ya gyara hular haƙorin da ba ta zauna ba

Wanda za a sa wa hular ƙarfe a haƙori yakan ɗauka ranar liƙawa ita ce mafi sauƙi. An riga an gurje haƙorin, an ɗauki awon baki, an kai ɗakin zubi, saura kawai a shafa siminti a danna ya kama gabansa. A wurinmu masu aikin haƙori kuwa ranar ce ake gane ko aikin zai yi shekaru a baki lafiya, ko kuwa mai shi zai dawo da wari da kumburin dasashi.

Hular kanta da kaki ake fara siffanta ta. A lulluɓe kakin da wani irin filasta mai jure wuta, a ƙone shi ya bar gurbi, a tura narkakken ƙarfe cikin gurbin. Dabarar da maƙeran Ife da Benin suka yi aikin tagulla da ita ke nan tun ƙarnoni da suka wuce, kuma wani likitan haƙori na Amurka, William Taggart, shi ya yaɗa ta a aikinmu a 1907. Abin da ke fitowa daga wuta ba shi da kyan gani: dusu-dusu, da wutsiyar ƙarfe a maƙale inda aka zuba. Hannun sabon shiga yana ƙaiƙayin ya yanke wutsiyar ya hau gogewa, don ƙyalli shi ake nuna wa mutane. Ogan da na koyi aiki a hannunsa ba ya ko kallon bayan hular. Kifa ta yake yi, ya sa tabarau mai ƙara girma, ya leƙa cikinta. Ƙuraje yake nema, 'yan ƙwayoyin ƙarfe da kumfar iska ke bari idan ta maƙale a jikin kaki. Guda ɗaya da bai kai kan allura ba ya isa ya ɗage hular gaba ɗaya. Idan kuma ka danna ta da ƙarfi a kan samfurin haƙoran da aka yi da filasta, ƙurjin zai kankare filastar ya yi wa kansa hanya, hular ta zauna ɗas a kan tebur, ta je baki ta ƙi. Haƙori ba filasta ba ne.

A baki akwai jerin da ba a tsallake shi. Kafin komai ana shimfiɗa ƙyallen bandeji a kan harshe ta wajen maƙogwaro, saboda hular da ta jiƙe da yawu santsi gare ta, kuma mutum a kwance yake. A cire hular wucin gadi, a wanke ragowar simintinta tas. Sannan a fara da gefuna biyu inda hular ke haɗuwa da maƙwabtanta. Ana zura zaren sakace: ya kamata ya ɗan turje sannan ya wuce da 'yar ƙara, kamar yadda yake yi a sauran haƙoran mutumin. In ya ƙi shiga, maƙwabta ne suka riƙe hular ba ta kai ƙasa ba, kuma duk abin da za ka duba bayan nan ƙarya zai gaya maka. Za ka ga gefen a buɗe, ka ga cizo ya yi tudu, ka ɗauki inji ka cinye saman hular a banza, alhali ɗan shafa kaɗan a gefe shi ne maganin. In kuma zaren ya faɗa babu turjiya, duk naman da mutumin ya ci a nan zai kwana.

Gefen ƙasa, inda ƙarfe ke haɗuwa da haƙori a bakin dasashi, nan na fi daɗewa. Ana bin sa da tsinin ƙugiyar bincike a zagaye shi kaf, daga haƙori zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa haƙori. Hannu ne ke gani a nan fiye da ido, musamman a turamen can ciki. McLean da von Fraunhofer sun rubuta a 1971 cewa ratar da ba ta wuce maikuron 120 ba ana iya zama da ita, wato ɗan abin da ya ɗara kaurin silin gashi. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, mai aikin kirki ƙasa da haka yake nema. Dalili kuwa, simintin gargajiya yawu na cin sa a hankali. Rata mai faɗi tana nufin siminti mai yawa a fili, ya zaizaye, datti ya maye gurbinsa, ruɓewa ta shiga ƙarƙashin ƙarfe inda ba ido ba buroshi. Mai haƙorin ba zai sani ba sai ta kai jijiya.

A nan ake samun matsi daga marasa lafiya, kuma ban ga laifinsu ba. Wata dattijuwa da bikin 'yarta ya matso, da aka ce mata za a mayar da hular a sake zubi, sai ta ce, "Haba ɗan nan, ɗan wannan wurin? Ai siminti zai cike." Oga ya ce, "Hajiya, zai cike yau. Amma ba na so ki dawo baɗi a cire haƙorin gaba ɗaya." Ta yi biki da ta wucin gadi, tana mita. Irin wannan ratar muke yawan gani a ƙarƙashin wasu haƙoran Makka, waɗanda ba a zuba su daidai da bakin mai su ba, kwanso ne aka lanƙwasa aka tura a kan lafiyayyen haƙori. Alhazai suna ji da abinsu, ni ma ba na cewa kowa ya cire. Ina dai roƙonsu a riƙa duba gefen.

Sai cizo. Ana sa siririyar takarda mai launi, a ce, "Alhaji, cije a hankali. Yanzu tauna hagu da dama." Dabarar da na fi amfana da ita: a fara gwada cizon babu hular, a lura da haƙoran da ke kama takardar, sannan a sa hular a ga ko har yanzu suna kamawa. Kada a dogara da "ya yi daidai, likita", don wanda aka yi wa allurar kashe zafi, ko ya gaji da buɗe baki, komai daidai ne a wurinsa. Kwana biyu zai dawo yana cewa haƙorin na tsami idan ya tauna.

Duk inda inji ya taɓa sai an sake goge shi ya yi sumul, don kaushi matattarar datti ce. Gwal yana da biyayya. Haɗin kobal da kuromiyam, wanda aka fi amfani da shi saboda tsadar gwal, taurin kai gare shi, sai an bi shi da haƙuri. In haɗin mai nikel ne kuwa, tun kafin zubi nake tambayar mata ko 'yan kunnen da ba na gwal ba suna sa musu ƙaiƙayi.

Kwaɓa siminti shi ne inda littafi ya rabu da garinmu. Littattafan an rubuta su ne a ɗakuna masu sanyi. Simintin zinki fosfet, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen ƙarni na 19, zafi yake fitarwa idan garin ya haɗu da ruwansa, shi ya sa ake kwaɓa shi a kan kaurin gilashi mai sanyi, a riƙa jawo garin kaɗan-kaɗan ana baza shi da faɗi wajen minti ɗaya da rabi, har sai ya biyo abin kwaɓin kamar zare. A bazara, ana cikin zafin da ya haura digiri 40 ga wuta an ɗauke, kafin ka juya ya fara kauri. Simintin da ya kamata kaurinsa ya tsaya a maikuron 25 sai ya zama katifa, ya ɗage hular da ka ɓata sa'a guda kana daidaitawa. Muna sanyaya gilashin, amma ba har ya yi raɓa ba, don danshi ma ɓata kwaɓin yake yi. Wani simintin kuma, gilas ayonoma, wanda masu bincike Wilson da Kent suka fito da shi a Landan a 1972, yana kama jikin haƙori yana kuma sakin fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, sai dai ba ya son yawu ya taɓa shi da wuri, ba ya kuma son bushewar hunturu, don haka ake shafe gefen da man kariya.

Ba a cika hular taf. A shafa siminti a bangon ciki, haƙori a share shi da auduga amma ba a ƙafar da shi ƙayau ba, a danna da yatsa ana ɗan girgizawa, sannan mutum ya cije a kan auduga. Tun simintin na da laushi ake sake bin gefen da ƙugiya a tabbatar ta kai inda ta kai lokacin gwaji. In ba ta kai ba, a cire nan take a wanke a sake kwaɓi. Ragowar zinki fosfet sai ya daskare ake ɓamɓare shi, na simintin rezin (mai kama da roba) kuwa tun yana danƙo, in ba haka ba ya zama dutse. Tsakanin haƙora ana ƙulla ƙulli a jikin zaren sakace a ja shi ta gefe ya kwaso abin da ya ɓuya ƙarƙashin dasashi. A sake gwada cizo sau ɗaya, a ce wa mai haƙorin ya tauna da ɗaya ɓangaren yau, alewa mai danƙo da ƙashi kuma ya ɗaga musu ƙafa zuwa gobe.