Yadda Na Koyi Sauraren Kiɗan Dark Ambient na Farko

Faifan da na fara gwada kunnena a kai shi ne Permafrost na Thomas Köner, Bajamushe, wanda ya fito a 1993. Na kunna shi ta lasifikar waya, na ji kamar babu komai a ciki sai wani huci mai rauni. Laifin na wayar ne. Yawancin abin da ke cikin irin wannan kiɗa yana zaune ne a can ƙasa, ƙasa da Hz 100 (Hz shi ne yawan kaɗawar amo a daƙiƙa ɗaya), inda amo ke da kauri har ƙirji ya fi kunne jin sa, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da wannan yanki. Wanda ya yanke wa dark ambient hukunci ta waya bai ji ko rabinsa ba.

Kiɗa ne da ba ganga, ba waƙa, ba amshi. Amo ne guda da ake ja ya daɗe yana ruri, yana sauya kama a hankali kamar yadda hazo ke rufe gari, ba ka ganin shigowarsa sai ka ɗaga kai ka tarar ya cika ko'ina. Faya-fayan farko-farko na wannan kiɗa sun fi kama ni saboda daga abubuwa na zahiri aka samo su. Köner ya yi faifansa na farko, Nunatak Gongamur na 1990, da gong, wato babban faifan ƙarfe da ake ratayewa, yana goga shi, yana kusanto da makirufo har a ji rawar ƙarfen kanta. Brian Williams, ɗan yankin Wales da aka sani da Lustmord, ya ɗauko sauti daga kogunan dutse da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ya gina faifansa Heresy da su, shi ma a 1990. Kafin su akwai faifan On Land na Brian Eno, makaɗi ɗan Ingila, a 1982, wanda ya sa ƙarar sarƙa da sanduna da duwatsu a ciki. Shi ya sa sautinsu ke da ɓurɓushi da rashin daidaito, kuma a nan ne kunne ke samun abin bi.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina jira har dare ya raba, a kashe janareton makwabta. Ina kashe fanka, in rufe ƙofar da ke tsakanina da firji. Wannan ba tsirfa ba ce: wutar lantarkinmu tana kaɗawa ne a Hz 50, kuma gunjin firji da na tiransifoma suna zaune a nan da kuma Hz 100, daidai inda kiɗan yake, sai su haɗiye shi. In da zafi, gara a jiƙa tawul a ɗora a wuya da a bar fanka tana juyawa.

Ina amfani da abin saurare mai rufe kunne gaba ɗaya, mai waya. Ƙananan na cusawa ma suna yi, muddin robar ta toshe kunnen sosai; in akwai 'yar kafa, kaurin sautin ne ke fara zurarewa. Abin saurare mai kashe hayaniyar waje na daina sa shi, domin yana ƙara wani siririn huci nasa, sai ka kasa bambance shi da hucin faifan. Duk wani saiti na ƙara bes ko daidaita ƙarfin waƙoƙi ina kashe shi. Fayil kuma FLAC, wato wanda ba a rage ingancin sautinsa ba, ko CD. MP3 da aka matse zuwa 128 kbps yana ɓata wutsiyar amo, wurin da yake dusashewa, sai ka ji yana ɓalɓala kamar ruwa a kwalba.

Saita ƙarfi shi ne inda na fi yin kuskure. Kunnen ɗan Adam ba ya jin amo mai kauri sosai in an rage murya, don haka hannu kan kai ga ƙarawa. Amma faifan kan fara da shiru-shiru, in ka ƙure tun farko, minti goma sha biyar gaba sai rurin ya taso ya danne ka, ka tashi da kunne yana ƙugi. Abin da nake yi shi ne in tsallaka zuwa wurin da ya fi ƙarfi, in saita yadda zan iya jin muryata in na yi magana, sannan in koma farko ban sake taɓawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ga babba, kuma wannan kiɗa ba ya bukatar ko kusa da haka.

Mai son ji ta lasifika ya san cewa ɗaki ma kayan kiɗa ne. Ɗakin da tsawonsa ya kai mita 4 yana kumbura amon da ke kusa da Hz 43, sai ka ji shi ya cika a jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuma ya ɓace. Janye lasifika kamar rabin mita daga bango, ka zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin. Gilashin taga da kwanuka a kan kanta su ma sukan kama rawa.

Minti goman farko su ne masu wuya. Hankali na neman inda za a juya, ba a juyawa, sai tunanin gobe ya shigo. Ba na faɗa da shi. Ina zaɓar abu ɗaya in riƙe, yawanci amon da ya fi ƙasa, in bi shi har in gane cewa ba ɗaya ba ne, biyu ne masu kusanci. Amon Hz 55 da na 57 in sun haɗu sukan yi wani bugu sau biyu a daƙiƙa, kamar numfashi, alhali ba wanda ya buga komai. Da zarar kunne ya kama wannan, sai sauran su fara bayyana: nisan wurin, tsayin rufinsa, wani ƙarfe can baya da ke dusashewa. Pauline Oliveros, makaɗiya 'yar Amurka, ta sa wa irin wannan saurare suna Deep Listening, wato saurare mai zurfi, bayan ta shiga wata tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa a jihar Washington ta Amurka a 1988, inda amsa-kuwwa ke kai daƙiƙa 45 kafin ta mutu.

A kwance ba na yi, barci ke ɗauke ni kafin rabi. Zaune nake, baya a jingine, da 'yar fitila mai rauni a bayana, domin duhu ƙirin tare da Heresy yakan sa gaba ya faɗi, kuma tsoro na toshe kunne. Ranar da raina ke a dagule ba na kunna shi sam. Wannan kiɗa yana ƙara wa abin da ya tarar a zuciya nauyi ne. Faifai ɗaya ya isa a dare ɗaya. In ya ƙare, nakan cire abin sauraren in zauna minti biyar ban kunna komai ba, a lokacin nakan ji gyare a bayan katanga da wata mota can nesa a kan titi, waɗanda ɗazu ban san suna nan ba.