Layi ɗaya a Hamlet da ya cinye min kwana uku

Ɗalibaina nake haɗa wa taƙaitaccen Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare, da Hausa saboda wasan ƙarshen zango, komai na tafiya lafiya lau har na iso jawabin nan na farkon kashi na 3, inda Hamlet, yariman Denmark, yake lissafo baƙin cikin duniya da ke sa mutum ya gwammace mutuwa. A ciki akwai "the pangs of despised love". Nan take na dangwala son maso wani ƙoshin wahala, har da murmushi wai ni na dace da karin magana.

Washegari na sake dubawa na ga ai shirme na tafka. Ophelia fa, budurwar Hamlet, ba wani take so ba, babanta Polonius ne ya hana ta kula shi, ita kuma ta bi umarni ta daina karɓar wasiƙunsa. Ba wani saurayi a gefe.

Sai na leƙa bayanin ƙasan shafi, ashe ma kalmar kanta ba a daidaita a kanta ba. Bugun 1604 ya ce "despised", wato son da aka wulaƙanta, na 1623 kuma wanda ya fito shekara bakwai bayan mutuwar Shakespeare ya ce "disprized", son da aka karya wa daraja, kamar ka kai kayanka mai tsada kasuwa wani ya ɗaga ya jujjuya ya yi maka tayin rainin wayo ya wuce abinsa. Wallahi na biyun nan ya fi zama min a rai.

Abin da ya ƙarasa kwance min kai shi ne sauran lissafin, akwai jan ƙafar shari'a, akwai izgilin masu muƙami. To ɗan sarki guda yaushe ya taɓa jiran alƙali? Kenan kukan kowa da kowa yake yi, ba nasa kaɗai ba. Kuma minti kaɗan bayan nan Ophelia ta zo mayar masa da kyaututtukansa kamar mai mayar da toshi, ya ce a da ya so ta, bai rufe baki ba ya ce shi bai taɓa sonta ba, har ya ce ta tafi gidan 'yan zuhudu. Shi ya faɗi maganar amma yarinyar ce ta kwashi zafin.

A ƙarshe "raɗaɗin son da aka yi wa tayin wulaƙanci" na rubuta. Mai fitowa a Ophelia kuma na ce ta tsaya gefen dandamali da littafin addu'arta inda 'yan kallo za su gan ta lokacin da yake faɗa.