Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rumbunan Baba

Makon jiya mun tsaya inda aka kai ni lakol, wato makarantar boko, a Zinder, aka damƙa ni hannun kawuna a unguwar Birni. Kafin in shiga labarin zaman gari sai na koma ƙauye tukuna, don ba za a gane sauran labarin ba in ba a san Baba ba.

Ba shi da takardar haihuwa. Kakarmu takan ce an haife shi jim kaɗan bayan Nasara sun ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram zuwa Yamai, wato bayan 1926. Yana saurayi aka ɗebe shi aikin tilas na hanya, kafin a soke shi a 1946, kuma bai cika son a ta da zancen ba. Matansa biyu, Inna da Iya. Ya haihu da yawa, ya kuma binne wasu tun suna goye, kamar kowa a zamanin ƙyanda. Garinmu na kudu da Zinder, wajen Matamaye, ƙasar jigawa mai rairayi.

Na tashi na iske gujiya ce sarauniya. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, kaka na yi sai ka ga buhuna jibge a bakin sikeli. Wanda ya sayar ya sayi keke, ya sayi rediyo, wani ya ƙara aure. Baba yana shuka ta, amma ɗan gefe kawai, gwargwadon abin da zai biya haraji ya ɗinka mana kayan salla. Sauran gandu hatsi ne da dawa, da wake a tsakani. In abokansa suka zolaye shi a dandali sai ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin an tuƙa tuwon takardar kuɗi ba."

Rumbu uku ne a bayan gidanmu, kowane a kan duwatsu saboda gara: na bana, na bara, da na bara waccan. Daga mafi tsufa ake ci. Shi kaɗai ke hawa. Bayan sallar asuba zai jingina tsani, ya ɗaga murfin, ya zaro zangarniya daidai cin yini ya miƙa wa mai girki, ba ƙari ko da baƙo ya sauka, sai dai a tsinka hura da ruwa. Yaro bai isa ya leƙa ciki ba, balle ya san saura nawa. Mu kuwa haushi muke ji: maƙwabta na shan hurar sabon hatsi mai ƙamshi, mu muna fama da wadda ta kwana biyu a rumbu har tana warin ajiya. Iya ta sha yin mita, don in ranta ya biya sabon hatsi sai dai ta taɓa na gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta. Ba zan ɓoye ba, Baba mai tsauri ne, kuma ba kullum tsaurin ke da dalili ba.

Sai farin 1973 ya zo. Sojoji suka kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974, Seyni Kountché ya hau, a 1975 kuma cuta ta kama gujiya ta gama da ita. Masu kekuna suka sayar da kekuna. Amma wadda ta fi zama mini a rai ita ce 1984. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone bai fid da kai ba, ga Najeriya ta rufe iyaka a mulkin Buhari, hanyar cin rani zuwa Daura da Kano ta toshe. Shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran shekarar El Buhari. Lokacin ina koyarwa a Zinder. Na haɗa abin da na samu na sayi buhun dawa, na ɗora a mota ranar kasuwa, ina jin yau ni ma na zama mutum. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Da yake ni ne ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, tun da na fara aiki sai ya koma ce mini Mushe, wato Monsieur, yadda ake kiran malamin lakol. Ya dubi buhun ya ce, "Mushe, Allah ya yi albarka. Kai wa gwaggonka, mu nan da saura." A makon ne ya buɗe rumbun ƙarshe. Gida huɗu suka ci daga cikinsa, kuma irin da rabin unguwarmu suka shuka da damina ta dawo daga nan ya fito.

Abu na biyu da bai yarda a taɓa ba shi ne gawo. In ana sassabe ya ga tsiron gawo sai ya kewaye shi da ƙaya. Itacen yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi kauri, da rani kuma awaki su ci ƴaƴansa. Tsofaffi kan ce tun zamanin Sarki Tanimun sare gawo babban laifi ne a Damagaram. Da masu bincike suka fara zuwa suna mamakin yadda itatuwa suka dawo a Magarya, Matamaye da Mirya, Baba dariya kawai ya yi.

Ya haura casa'in, idonsa ya yi rauni, amma yana gane ƙasar kowace gona da tafin ƙafarsa. Ya rasu da kaka, an gama ɗaurin dami. Allah ya jiƙan shi. Ba a yi sadakar arba'in ba ƙannena suka fara zancen rabon gandu, gonar da ta ciyar da gida ɗaya za ta koma ta magidanta bakwai. Wannan rigimar tana gaba. Mako mai zuwa za mu koma Birni, gidan kawu, da daren farko da na kwana ban ji kukan jakinmu ba.