Daren da mota ta kwantar da mu bayan Figil

Mun bar Garwa, a arewacin Kamaru, da la'asar sakaliya, niyyarmu mu kwana a Marwa, amma da muka ɗan wuce Figil, bayan isha'i, sai motar ta yi tari sau biyu ta tsaya cak. Direba da yaronsa suka shige ƙarƙashinta da fitilar waya. Mu kuwa muka baje a bakin kwalta. Watan Janairu ne, sanyi har cikin ƙashi, sai dai a daren hazo ya kwanta, sama tar kamar an wanke ta.

Kusa da ni wani dattijo ne, maƙeri, da buhun fartanyu zai kai kasuwa. Shi ya fara nuna mini Kaza da 'Ya'yanta. Ni kuma na ja hannunsa zuwa gabas kaɗan, inda taurari uku suke a jere. A gefe ɗaya akwai wani ja, a ɗaya gefen wani fari mai ratsin shuɗi, yana ƙyalli kamar walda. Wannan shi ne Rigel, sunan da aka samo daga Larabci, rijlu, wato ƙafa.

Na ce, "Baba, cikin biyun nan wanne ya fi zafi?"

Ko jinkiri bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ja ai farkon wuta ne. In ƙarfe ya yi ja, zuga ake ƙarawa. Sai ya yi fari kake jin tsoronsa."

Shekaru ina koyar da wannan a aji, ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Jan tauraron, Betelgeuse, zafin samansa bai wuce digiri 3,500 ba. Ranarmu tana wajen 5,500. Rigel kuwa ya kai kusan 12,000, shi ya sa haskensa ya zarce fari ya karkata zuwa shuɗi. Nauyinsa ya kai na rana wajen ashirin, faɗinsa ya ninka nata fiye da sau saba'in. Hasken da ke faɗowa idonmu a daren ya yi tafiyar kimanin shekara 860, ya taso tun kafin zamanin Shehu da ɗaruruwan shekaru.

Abin da ya fi taɓa dattijon shi ne gajartar kwanan Rigel. Na gaya masa rana ta kai shekara miliyan 4,600, shi kuwa bai cika miliyan 10 ba, amma har ya cinye makamashinsa na farko da ke tsakiyarsa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka gawayi yake in zuga ta yi yawa."

Wajen ƙarfe ɗaya injin ya tashi. Na zauna jikin taga ina leƙen Rigel. Kafin mu ga fitilun Marwa ya gangara yamma, bayan duwatsu, Baba kuwa ya jingina da buhunsa yana barci.