Libgfortran: a cusa shi ciki, ko a tafi da shi a gefe?

Duk wanda ya taɓa gina laburaren .so (wanda shiri ke lodawa sa'ad da yake aiki) da gfortran, manhajar GCC mai fassara yaren Fortran, ya san wannan ciwon kai. A kwamfutarka komai lafiya lau, amma da ka tura wa abokin aiki sai tasa ta ce ba ta ga libgfortran.so.5 ba, wato laburaren da abin da gfortran ya gina ke dogara da shi wajen aiki. Lambar ƙarshen nan tana bin sigar GCC ne: GCC 6 yana kan .3, GCC 7 ya zo da .4, tun GCC 8 na shekarar 2018 kuma ake kan .5. Tsohuwar saba (server) mai .3 ba ruwanta da abin da ka gina jiya.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne -static-libgfortran, wato a cusa komai cikin fayil ɗaya a huta. Hutun ba ya cika samuwa. A Linux da dama ba a gina libgfortran.a (kwafin da ake cusawa) da -fPIC ba, zaɓin da laburaren .so ke bukata, don haka ld, manhajar da ke haɗa fayilolin, zai ƙi saka shi cikin .so. Ko ya yarda ma, libquadmath, laburaren lissafi da libgfortran ke dogara da shi, na nan maƙale a waje, domin -static-libquadmath bai zo ba sai a GCC 13.

Abin da ya fi koya mini hankali kuwa wani ne daban. Libgfortran ne ke riƙe da lissafin fayilolin da aka buɗe. Idan laburare biyu kowanne ya ɓoye nasa kwafin a ciki, to lissafin ma ya zama biyu. Na farko ya yi OPEN a lamba 10 (lambar da Fortran ke kiran fayil da ita), na biyu ya yi WRITE a lamba 10, sai ka tarar da wani fort.10 ya fito a folda, fayil ɗinka na gaskiya kuma fayau. Ba saƙon kuskure ko ɗaya, shi ya sa mutum ke iya kwana yana lalube.

Yanzu na fi son kwafi ɗaya tal, a ajiye shi gefen laburaren, a gina da -Wl,-rpath,'$ORIGIN' don ya nemo shi a inda yake. Kusan haka auditwheel, manhajar shirya kunshin Python, ke yi wa laburaren SciPy, har ya sauya wa fayil ɗin suna don kada ya yi karo da na na'urar. Dogaro da LD_LIBRARY_PATH kuwa, saitin da ke nuna wa na'ura inda za ta nemi laburare, rance ne da wani zai biya daga baya.

Kafin in tura komai, sai na duba layukan NEEDED (jerin laburaren da fayil ke bukata) da readelf -d, sannan in gwada a na'urar da ba a taɓa saka mata gfortran ba.