Zugazugin lantarki a kan injin Boxer

Garejina na gyaran babura ne, ni da yara huɗu, kuma abin da ke ciyar da mu bai wuce canjin rin da fistin, wankin kafireta da gyaran kulochi ba. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, aikin ya koma kan masu hawa na kansu da 'yan adaidaita sahu. A cikin masu hawa na kansun ne samari suka fara zuwa mini da wata 'yar fanka da suke saya ta intanet, wai tabo (turbo) ce ta lantarki mai cusa wa injin iska, in ɗaura musu a bakin kafireta babur ya riƙa tashi sama.

Na farkon da ya kawo na ce masa, "Ƙanena, wannan fa fankar sanyaya kwamfuta ce aka sa wa riga." Bai yarda ba. Muka ɗaura, sai ma babur ya rage ja, don ta tare hanyar iskar da injin ke zuƙa da kansa.

Amma abin ya tsaya mini a rai, saboda dabarar kanta gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san gawayi ba ya yin ja sai an zuga. Injin ma haka yake: ka cusa masa iska fiye da wadda zai zuƙa, ka ƙara fetur daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai kaɗa iska daban, danna ta daban. Fanka da ta gamu da turjiya, iskar ta baya take zillewa.

Na zauna na yi lissafi a bayan kwalin fulogi. Injin Boxer mai cc 100 sau ɗaya yake zuƙa a kowane juyi biyu, to a juyi 8,000 cikin minti yana shan iska wajen lita 400. In kana so ka danna ta ko da kashi uku cikin goma sama da iskar gari, da asarar da ake yi a hanya, kana neman wuta kusan wat 500. A batir mai bolt 12 hakan ya kai amfiya 40, ɗan batirin babur kuwa da kwayil ɗinsa ba su san wannan hanyar ba. Kamfanin Audi ma da ya sa irin wannan a motarsa SQ7 a 2016, sai da ya yi mata layin wuta na bolt 48, fankar tana juyi har 70,000 cikin minti.

Na shiga Ƙofar Ruwa na samo tsohuwar tabo ta ƙaramar mota, muka yar da ɓangaren da hayaƙin injin ke juyawa, mai injin feƙe ƙarfe ya yi mana sanda da mazaunin boris. Muka haɗa ta da ƙaramin moto irin na jiragen wasa, da batirin litiyam nata na kanta, da maɓalli a kan hannu. Babur ɗina muka yi wa, ban taɓa na kowa ba.

Gwajin farko na ji kunya a gaban yarana. Ina danna maɓalli injin ya shaƙe kamar an riƙe masa wuya. Mun sa ta a gaban kafireta, iskar da muke dannawa ta hana fetur hawowa ta jet, 'yar ƙofar da yake bi ya haɗu da iska. Da na kwance fulogi na same shi fari fat, kuma wanda ya san aiki ya san daga nan sai hujewar fistin. Muka mayar da ita tsakanin kafireta da injin, muka buɗa jet, fulogi ya dawo ruwan ƙasa.

Yanzu tana aiki. Ka danna a giya ta uku, ta yi fito siriri, ka ji babur ya fizge ka. Amma na ɗan lokaci ne, batir ya yi zafi, kan injin da iska kawai ke sanyaya shi ya ɗau wuta, in kuma ka saki maɓalli ita kanta ta zama tarnaƙi a hanyar iska.

Mutum uku sun ce in faɗi kuɗi in haɗa musu irinta, na ƙi. Wanda ke goyo da buhun shinkafa a baya, na wanke masa kafireta, na saita masa bawul, na ƙara masa haƙoran siraket na baya, ya tafi yana sa albarka. Ita kuwa tabo tana kan Boxer ɗina a ƙuryar gareji, makullin yana aljihuna saboda yaran nan.