Odinata ta shigo meri, saura yaran ƙauye

Ana ta yabon yadda anka fara sa takardun haihuwa da na aure da na mutuwa cikin odinata, wato kwamfuta, a ma'aikatun magajin gari da ake ce ma meri, kuma gaskiya ni ma na ga canji nan Tawa. Da can in ka je neman kofin takardar haihuwa sai ma'aikaci ya jawo wani tsohon rajista da gara ta ci gefenshi, yana lasar yatsa yana buɗa shafi ɗai-ɗai, kai kuma kana tsaye rana na dukanka. Yanzu in sunanka na ciki, kahin ka gama liƙa tambur an hiddo ma ita.

To amma wa ke ciki? Nan ne hankalina bai kwanta ba wallahi. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su yi deklarasiyon haihuwa, kuma kyauta ne, in lokacin ya wuce sai an bi ta kotu an yi jujuma, wato hukuncin alƙali da ke tabbatar da haihuwar. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 na ƙananan yara ne kawai ke da rajista. Mace ta haihu gida cikin wani ƙauye bayan Abalak ko Keita, maigida ya tai biɗa Abijan ko Libiya, an yanka rago ranar suna, liman ya yi addu'a an watse, ba wanda ya tuna da littahin rubuta haihuwa da ke wajen hakimi ko likita, sai yaro ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, diraktan lakwal ya ce a kawo takarda, sa'annan uwa ta shiga sintiri ana ƙiyasta shekaru da ido. Odinata ba ta san da wannan yaron ba ko kaɗan.

Ga kuma kuskuren da ake kwashewa daga tsohon rajista a zuba cikin na'ura yadda yake. Mutum guda, nan Mahamadou can Mamane, diploma daban katin ɗan ƙasa daban, gyaran kuwa sai kotu. Batun ɗaukewar wuta da rashin rezo ba sai na faɗa ba, kowa ya san “a dawo gobe”.

Ni abin da nike son gani, a biya masu cika littahin ƙauye haƙƙinsu kan lokaci, a ba su waya su aika haihuwa meri tun ranar suna, kuma a yawaita zaman kotun tahi-da-gidanka da ke ba yara jujuma cikin garuruwansu.